An yi wa maigidana dashen hanta a Indiya, me ya sa likitansa ya ƙi karɓar hoton da muka yi a gida?

"Assalamu alaikum Likita. Wata huɗu ke nan da aka yi wa maigidana dashen hanta a Indiya, ƙanensa ne ya ba shi ɓangaren dama na tasa. Lokacin muna can, a makon farko kullum sai an turo na'urar sikanin har gefen gadonsa, wata rana ma sau biyu. Da za mu taho suka rubuta mana cewa a riƙa yi masa hoton jijiyoyin hanta lokaci zuwa lokaci, da kuma duk sa'ad da gwajin jini ya canza. Makon jiya muka je wani wurin sikanin a garinmu, aka rubuta mana cewa hanta lafiya lau, saifa ta ɗan yi girma, kuma ba a ga matsarmama ba. Na ɗauki hoton takardar na tura wa likitansa na can, sai ya ce wannan bai wadatar ba, a sake, yana son lambar RI. Ya kuma ce ALP da GGT sun fara hawa a gwajin jini. Shi kuwa maigida yana cin abincinsa, har ya koma kasuwa. Mene ne bambancin hoton da muka yi da wanda yake nema? Yawan sikanin ba ya yi wa mutum illa? Kuma ina matsarmamar ta tafi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya ƙara wa maigida lafiya, Ya saka wa ƙanensa da mafificin alheri, domin ba ƙaramin abu ba ne mutum yana lafiyarsa ƙalau ya kwanta a yi masa tiyata saboda ɗan'uwansa. Ke ma sannu da ɗawainiya.

In na fahimce ki, abin da ya ɗaure miki kai shi ne: an yi hoto an ce hanta lafiya, mai jikin da kansa ya ce lafiya, amma likitan da ke can nesa ya ce bai gamsu ba. Ni aikina ke nan, ɗaukar hoton cikin jikin mutum da karanta shi. Na yi zaman koyo a wata cibiyar dashen hanta a ƙasar waje, yanzu kuma a nan gida nakan ga irin su maigida bayan sun dawo daga Indiya ko Masar. Likitan yana da gaskiya, kuma kada ku bari makon nan ya fita ba a sake hoton ba. Wanda aka yi muku duba naman hanta ne, girmanta da kamanninta. Wanda yake nema auna gudun jini ne a cikin jijiyoyin da aka ɗinka. Na'ura ɗaya ce ke yin su biyun, amma aikin ya bambanta.

Bari in fara sauke miki ƙananan tambayoyin, don hankalinki ya kwanta. Matsarmama ba ɓacewa ta yi ba. Tasa ta fita tare da tsohuwar hantar da aka cire, kuma ba a dasa wa mutum wata. Shi ma ƙanen nasa, tunda ɓangaren dama aka ɗauka, an cire masa tasa a lokacin aikin. Ruwan matsarmama hanta ce ke yin sa, ita jakar ajiya ce kawai, don haka yanzu ruwan yana gangarawa hanji kai tsaye. Saifa kuwa shekarun da tsohuwar hantar ta yi tana tokare jini ne suka kumbura ta. Takan ragu a hankali cikin watanni, a wasu ma ba ta komawa yadda take tun asali. Batun illa kuma, sikanin ba ya amfani da hasken da ake yin eksire da shi. Sauti ne siriri da kunne ba ya ji, irin wanda ake duba masu juna biyu da shi. Ko kullum aka yi, ba ya taruwa a jiki.

Hanyoyin jini uku da aka ɗinka

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jinin da zuciya ke turawa ta hanta yake bi, wajen lita ɗaya da rabi a kowane minti. Ta ƙofa biyu yake shiga. Ta farko babbar jijiya ce mai kauri kamar ɗan yatsa, mai kwaso jini daga hanji da saifa. A takarda za ki ga an rubuta ta PV. Ita ke kawo kusan kashi uku cikin huɗu na jinin, kuma tafiyarta a natse take, babu bugu. Ta biyu 'yar siririya ce mai bugawa tare da zuciya, ana rubuta ta HA. Jininta kaɗan ne amma cike yake da iskar oksijin. Bayan hanta ta gama aikinta, jinin ya fita ta wasu jijiyoyi da ke samanta, HV, waɗanda ke zubawa cikin babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya.

A ranar tiyata duk ukun nan an yanke su an sake haɗa su da zare, an kuma haɗa bututun da ke ɗauke ruwan matsarmama. Kowane wurin ɗinki yana iya tsukewa, gudan jini na iya toshe shi, ko ya lanƙwashe. Wadda ta fi ba mu tsoro ita ce siririyar nan mai bugu. A ɓangaren hantar da aka ɗauko daga mai rai, faɗinta sau da yawa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, kamar tsinken ashana, kuma da madubin ƙara girma ake ɗinka ta, da zaren da bai kai kaurin gashin kai ba. Tun daga dashen farko da Thomas Starzl ya yi a birnin Denba na Amurka a 1963, da na farko da ya yi nasara daga mai rai wanda Russell Strong ya yi a Birisban ta Ostareliya a 1989, wannan jijiya ba ta daina hana likitocin dashe barci ba.

Dalilin kuwa shi ne, hantar da aka haifi mutum da ita tana da ƙananan jijiyoyi na gefe da ke shigo mata daga naman da ke kewaye da ita. In siririyar nan mai bugu ta toshe, waɗannan kan ɗan riƙe hantar. Hantar da aka dasa an yanke mata duk waɗannan. Naman hantar zai iya lallaɓawa da jinin PV na wani lokaci, amma bututan ruwan matsarmama ba su da abinci sai daga siririyar nan ita kaɗai. In jininta ya ragu, su ne ke fara lalacewa: su tsuke, bangonsu ya ruɓe, ruwa ya taru, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Kuma wannan lalacewar ba ta zuwa da ciwo a farkonta. An yanke jijiyoyin jin zafi na hantar da aka dasa, mutum yana iya zuwa kasuwa yana dawowa alhali abin yana tafiya.

Abin da lambar RI take nufi

Kin san yadda mota in ta taho tana ham sautin yake yin sama, da zarar ta wuce ki sai ya yi ƙasa. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Christian Doppler, shi ya yi bayanin wannan a 1842, shi ya sa ake kiran hoton Dofla. Na'urar tana aika sauti cikin jiki, ya bugi ƙwayoyin jinin da ke tafiya, ya dawo a canje. Daga canjin take lissafa inda jinin ya nufa da kuma saurinsa.

Mataki na farko launi ne, ja da shuɗi a kan allo. Mutane da yawa suna zaton ja jini mai kyau ne, shuɗi maras kyau. Ba haka ba ne: launin yana nuna ko jinin ya nufo kan na'urar ne ko yana nisa da ita. A nan masu gaggawa ke tsayawa, su ga launi su rubuta cewa jini yana gudu. Amma ainihin labarin yana mataki na biyu, lokacin da za a ɗora ɗan ma'auni a tsakiyar jijiyar, zane ya fito a ƙasan allo yana tashi yana sauka, lasifika kuma tana ƙara "fyuu, fyuu" daidai da bugun zuciya. A lafiyayyar jijiya zanen yana miƙewa tsaye cak kamar bango, sannan ya gangaro a hankali, kuma ba ya taɓa ƙasa kafin bugu na gaba, wato ko a lokacin da zuciya ke hutawa jini yana ci gaba da shiga hanta.

RI lissafi ne tsakanin ƙololuwar nan da gindinta. A ce saurin jinin a ƙololuwa santimita 60 ne a daƙiƙa, a gindi kuma 20. A cire 20 daga 60, saura 40, a raba da 60, ya ba da 0.67. Abin da muke so mu gani tsakanin 0.5 ne da 0.8. Akwai lamba ta biyu da ake yawan mantawa da ita, AT, wato lokacin da zanen ke ɗauka daga gindi zuwa ƙololuwa. Bai kamata ya wuce 0.08 na daƙiƙa ba.

Duk wanda ya taɓa ban ruwa a lambu da tiyo ya san abin da zan faɗa. In aka taka tiyon a tsakiya, daidai wurin takawar ruwan yana fita da tsananin gudu, amma can gaba a bakin tiyon sai ya zo a sanyaye, ba ƙarfi, bugun injin ma ba ya isowa sosai. Haka jijiyar take. A daidai inda ta tsuke saurin jinin kan haura santimita 200 a daƙiƙa. A gaba da wurin, cikin naman hanta, zanen ba ya miƙewa tsaye, sai ya hau a kishingiɗe kamar tudun yashi, AT ya yi tsawo, RI ya faɗi ƙasa da 0.5. Likitoci suna kiran wannan zane da kalmomin Latin biyu, tardus parvus, ma'ana mai jinkiri kuma ƙarami. In kika ga an rubuta su a takarda, a ranar za a sanar da likitan dashe. Sau da yawa iskar hanji tana rufe mana ainihin wurin ɗinkin, ba ma ganinsa ko kaɗan, sai dai mu gane halin da yake ciki daga zanen da ke gaba da shi. Shi ya sa likitanku ya ce RI yake so. Da lambar nan, da siffar zanen, yana iya hango ɗinkin da ya yi da hannunsa daga can inda yake.

Makon farko daban, wata na huɗu daban

Zaryar da kika ga ana yi da na'ura a makon farko, gudan jini ake farauta. Wani babban nazari da aka wallafa a 2009, wanda ya tattara rahotannin cibiyoyi masu yawa, ya nuna cewa toshewar jijiyar HA a farkon lokaci tana samun kusan mutum 3 cikin 100 na manya, da kusan 8 cikin 100 na yara. In an gano ta cikin awoyi, kafin gwajin jini ya lalace, ana iya komawa ɗakin tiyata a buɗe ta a ceci hantar. In aka makara, sau da yawa sai dai sabon dashe. Ki dubi halin iyalin da suka sayar da fili da gona suka je, ɗan'uwa ɗaya da jininsa ya dace ya riga ya bayar, a ce a nemo wata hantar. Wannan ne ya sa ba sa gajiya da turo na'urar.

A waɗannan kwanakin lambobin kan yi abin da zai tsorata wanda bai saba ba. Ina tuna wata safiya lokacin ina koyo, kwana biyu da yi wa wani dattijo dashe, na ɗora ma'auni na ga zanen yana faɗowa har ƙasa bayan kowane bugu, RI ya kai 1.0. Gabana ya faɗi, na je na kira babbar likitar sashen. Ta zo ta tsaya a bayana, ta sa yatsa a kan allo daidai inda zanen ke tashi, ta ce in duba yadda yake miƙewa tsaye. Ta tambayi shekarun wanda aka ɗauko hantar daga gare shi, da awoyin da ta yi a cikin ƙanƙara. Sannan ta ce sabuwar hanta a kumbure take, tana tokare jinin, a sake aunawa da yamma da kuma gobe. Kafin mako ya zagayo lambar ta sauko inda ake so. Tun ranar na daina karanta RI ba tare da na tambayi kwana nawa ke nan da aikin ba.

Maigida ya wuce wannan matakin, alhamdu lillahi. Amma watannin da yake ciki yanzu, daga na biyu zuwa wajen na shida, su ne lokacin da tabon ɗinki ke ƙanƙancewa, jijiyar ta fara tsukewa a hankali. Tsukewar da aka gano da wuri tana da magani ba tare da an buɗe ciki ba: a bi ta jijiyar cinya da siririn bututu a hura wurin da balan-balan, wani lokaci a bar ɗan ƙarfen raga ya tokare shi. Wadda aka bari kan iya ƙarewa da toshewa gaba ɗaya. Kuma toshewar da ta zo a makare tana da yaudara, domin jiki kan tsiro da wasu ƙananan jijiyoyi su kewaye wurin. Mai hoto ya ga launi a cikin hanta ya ce jini yana shiga, alhali ragowa ce ke isowa ta bayan gida. Zanen ne kaɗai zai tona asirin.

Yanzu ga inda ALP da GGT suka shigo. Su biyun alamomi ne da ke hawa in bututan ruwan matsarmama suna cikin damuwa, kuma ruwa ba ya tsami banza. Amma kada ki ɗauka na ce jijiyarsa ta tsuke. A dashen ɓangaren dama daga mai rai, abin da ya fi yawan jawo wannan shi ne tsukewar ɗinkin bututun kansa, jijiyar kuma tana lafiya lau. Yana iya zama garkuwar jiki ce ta fara yaƙar hantar, ko wani magani ne, ko wata ƙwayar cuta da ke samun dama in an danne garkuwa. Ana fara duba jijiyar ne saboda amsarta ce ke raba hanya. In jininta yana da kyau, sai a nufi bututun, a buɗe shi ta baki da na'urar leƙa ciki, ko a tsinko ɗan naman hanta a duba. In jinin ne ya ragu, ko an buɗe bututun sau goma zai sake lalacewa muddin ba a gyara jijiyar ba.

Akwai wani matashi da ba na mantawa da shi. Wata biyar da dashensa aka kawo mini shi, bayan ya sha maganin maleriya sau biyu da na taifot sau ɗaya, zazzaɓi yana tafiya yana dawowa. Mahaifinsa yana riƙe da takardun sikanin guda biyu daga wurare daban-daban, kowace layi huɗu, kowace ta ce hanta lafiya. Na kwantar da shi a kan gefensa na hagu, na bi ta tsakanin haƙarƙari, na fi minti ashirin kafin na samu jijiyar a cikin hanta. Ƙarar da ta fito daga lasifika ba ta da kaifi, kamar numfashin mai barci. RI bai kai 0.5 ba, bututan kuma sun fara faɗi. Siti sikan, wato hoton eksire mai nuna cikin jiki yanka-yanka, ya tabbatar da tsukewa a wurin ɗinki, aka mayar da shi inda aka yi masa aikin aka buɗe ta. Ya samu sauƙi, amma sai da ya yi watanni da roba a cikin bututun. Abin da ke damuna har yau shi ne masu hoton farko ba ƙarya suka yi ba. Naman hantar da kyansa. Ba su san akwai wata tambaya da ya kamata su yi wa na'urar ba, kuma babu wanda ya rubuta musu ita a takardar neman hoto.

Sauran jijiyoyin biyu

Matsalarsu ba ta kai ta siririyar yawa ba, amma dole a duba su a zama ɗaya. A PV muna so mu ga jini ya nufi cikin hanta, babu gudan jini a jikin bangonta. Ɗan ƙugu a wurin ɗinki ba abin tashin hankali ba ne, domin jijiyar mai karɓa da ta mai bayarwa ba safai faɗinsu ke zuwa ɗaya ba. Abin da ke sa mu tsaya shi ne saurin jini a wurin ya haura santimita 125 a daƙiƙa, ko ya ninka na bayansa sau uku, musamman in ruwa ya fara taruwa a ciki ko saifa na ƙara girma maimakon raguwa. Shi ya sa rubuta cewa saifa ta ɗan yi girma bai amfane mu da komai ba. Santimita nawa ce yau, nawa ce ranar da aka sallame ku?

Jijiyoyin fita kuwa zanensu yana bin numfashi da motsin zuciya, yana yin sama da ƙasa. In muka ga haka hankalinmu ya kwanta. In ya miƙe shafal, shi kaɗai ba hujja ba ne, don ana yawan ganin hakan bayan dashe. Amma ɓangaren hantar da aka dasa yana girma da sauri a makonnin farko, kuma a wajen girman yana iya ɗan juyawa ya murɗe mafitar. Alamarsa a jiki ciki ya cika da ruwa, ƙafafu su kumbura, hantar ta yi nauyi.

Inda Dofla ke tsayawa

Wannan hoto ya dogara ga hannun mai yinsa fiye da kowane hoto da na sani. In an saita na'urar don jini mai gudu, jijiya mai tafiyar hawainiya ba za ta fito ba, a ce ta toshe alhali a buɗe take. In kusurwar da aka auna ta wuce digiri 60, lambar saurin ba abin dogaro ba ce. Ƙiba, iskar ciki, da majinyacin da ba ya iya riƙe numfashi duk suna rage abin da muke gani. Dofla kuma ba ya gano ko jiki yana ƙin hantar, wannan sai an duba nama. Saboda haka in zanen ya ba da shakka, ko ya fito da kyau amma gwajin jini na ci gaba da hawa, mataki na gaba siti sikan ne na jijiyoyi, wanda ake yi da allurar ruwan rini. Kafin a yi shi a auna ƙodarsa, domin takrolimus, maganin danne garkuwa da yake sha don kada jiki ya ƙi hantar, yana matsa wa ƙoda, rinin ma haka. Ni kuma ban ga maigida ba, ban ɗora masa na'ura ba, don haka hukunci yana hannun likitan da ya yi aikin, shi ya san yadda ya haɗa kowace jijiya.

Abin da za ku yi a makon nan

Ku nufi sashen ɗaukar hoto na asibitin koyarwa ko babban asibitin ƙwararru mafi kusa da ku, ku ce likitan hoto kuke nema wanda ya saba yin Dofla. Inda ake dashen ƙoda, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ya fara tun 2002, akwai waɗanda hannunsu ya saba da auna RI a gaɓar da aka dasa. Likitan da ke duba shi a gida ya rubuta a takardar neman hoton ƙarara cewa Dofla ne na hantar da aka dasa, ɓangaren dama, da ranar aikin. Ku tafi da takardar sallama, da bayanin tiyatar in an ba ku, da sakamakon Dofla na ƙarshe da aka yi a Indiya. Wannan na ƙarshen ya fi komai daraja a wurina, domin RI na 0.55 ga wanda ya taho da 0.58 ba komai ba ne, amma ga wanda ya taho da 0.75 magana ce. Bayanin tiyatar kuma zai hana a tsorata ku a banza: wanda bai san ɓangaren dama kaɗai aka dasa ba, zai yi ta neman jijiyar hagu ya rasa.

Ya je da yunwa ta awa 4 zuwa 6, don abinci yana tara iska kuma yana canza gudun jinin. Amma ya sha takrolimus ɗinsa a kan lokacinsa da ɗan ruwa, kada a tsallake shi saboda hoto. Aikin yana iya cin rabin awa, kada ku ga an daɗe ku zaci wani abu ne. Kafin ku tashi ki duba takardar da idonki: akwai RI da AT da saurin jinin HA, a ƙofar hanta da kuma cikinta? An faɗi inda jinin PV ya nufa da saurinsa? An ambaci zanen HV, faɗin bututan, ruwa a ciki, da tsawon saifa a santimita? Ki roƙi likitan cikin girmamawa ya bar ki ki ɗauki hoton allon da waya lokacin da zanen ke kai, ki haɗa da takardar ki tura ta WhatsApp. Likitan dashe zai karanta zanen nan fiye da duk abin da za mu rubuta masa. In hali ya yi, hoto na gaba ma a wurin mutum ɗaya za a yi, da na'ura ɗaya.

Kafin nan, in an ɗora shi a kan asfirin kada ya daina sai da izininsu. Kada a ba shi jiƙo ko sassaƙe na shawara ko na hanta, komai amincin wanda ya kawo, kuma kada wani ya ƙara masa maganin kashe ƙwayoyin cuta ba a tambaya ba, domin akwai irin su rifamfisin da ke zubar da takrolimus daga jini, akwai kuma masu sa shi ya taru ya yi yawa. In kuwa ya yi zazzaɓi ko rawar sanyi, ko idonsa ya yi ɗorawa, fitsari ya yi duhu kamar shayi, bayan gida ya yi fari, jiki ya kama ƙaiƙayi, ko ciki ya fara kumbura, ba a jiran ranar da aka ba ku. A ranar za ku je asibiti, a gwada maleriya ɗin, amma ko an same ta a ɗauki jinin hanta a kuma ɗora masa Dofla kafin ku koma gida. Allah Ya sa ku ji alheri, ki gaida maigida da ƙanen nasa.